Daga rumbu zuwa bashin kaka: yadda ɗabi'un yau da kullum ke tsara rayuwa a ƙasar Gozaki

A watan Nuwamba, lokacin da aka gama karyar masara ana shirin yankan dawa, da wuya baƙo ya bambance mai hali da marar hali a ƙauyukan Gozaki, Kafur, Bakori ko Danja. Kowane gida da amfani jibge a tsakarsa, kowace kasuwa ta cika da buhuna. Sai Yuli ya kama, ana tsakiyar noma, sannan bambancin ke bayyana. Wani yana buɗe rumbu yana auna wa iyalinsa, har ya sayar da rara ya sayi taki. Maƙwabcinsa kuwa ya bar gonarsa ga ciyawa, ya tafi ƙwadago a gonar wani domin ya samo tiyar da za a tuƙa a daren. A cikin watanni takwas ɗin nan babu rana guda da za a nuna a ce ita ta raba su. Abin da ya raba su ƙananan ayyuka ne da ake maimaitawa har a daina ganinsu: yaushe ake sayarwa, nawa ake aunawa, ina ake zuba shara da kashin dabbobi, wa ake bi bashi, wa ke bin mutum.

Wannan bayani ya tattaro abin da aka tabbatar game da irin waɗannan ɗabi'u a kudancin Katsina, da abin da masu bincike suka gano a nan da wasu ƙasashe, da kuma iyakar da talauci da rashin tsaro da manufofin gwamnati ke sa wa ƙoƙarin mutum. Iyakar tana da muhimmanci, domin maganar ɗabi'a ta saba zama sandar dukan talaka a hannun masu mulki.

Me ake nufi da ɗabi'a

Hausa tana da kalmomi da dama a nan, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Hali shi ne abin da aka san mutum da shi, wanda ake cewa zanen dutse ne. Al'ada ta jama'a ce, an gaje ta. Sabo kuwa shi ne abin da maimaici ya dasa, kuma wanda ya kira shi turken wawa ya lura da abin da masana halayyar ɗan Adam suka zo suka auna daga baya: aikin da aka saba yana ɗaure mutum ba tare da ya sake tambayar kansa dalili ba. A wannan rubutu, ɗabi'a na nufin sabo, wato aikin da wuri ko lokaci ke tayar da shi da kansa. Kiran asuba ya tashe ka, gari ya waye ka ɗauki fartanya, ranar kasuwa ta zo ka ɗebi hatsi.

A shekarar 2002 Wendy Wood da abokan aikinta a Amurka suka sa mutane su riƙa rubuta abin da suke yi kowace sa'a, suka ga kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini ana yinsu a wuri ɗaya, kusan kullum, hankali yana wani wajen. Wani binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2010, ya bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi sabon aiki guda da zai riƙa yi kullum. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma wani ya isa cikin kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Don haka maganar da ke yawo a kafafen sada zumunta cewa kwana 21 sun isa a sauya ɗabi'a ba ta da tushe a wannan bincike.

Abu na uku da Wood ta nuna shi ya fi shafar yankinmu: ɗabi'a tana rataye ne da wurinta. Ɗaliban da suka sauya jami'a sun rasa wasu ɗabi'unsu na motsa jiki da karanta jarida, saboda abubuwan da ke tayar da su sun canza. Wannan ya isa a fahimci abin da ke samun manomin da aka raba da ƙauyensa.

Katsina Laka da gidan gandu

Gozaki mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kafur, ɗaya daga ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, wadda ake kira Karaɗuwa. Tsohon gari ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya ambace shi tare da Maska cikin tsofaffin garuruwan kudu. Yankin nan shi ne Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, tana riƙe ruwa, ba kamar jigawar arewa ba, kuma damina a nan ta fi tsawo da yawan ruwa. Shi ya sa auduga da dawa suka zauna tun da can. Zuwan jirgin ƙasa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da masana'antar gurzar auduga ta Turawa, suka ƙara ɗaure noman yankin da kasuwa.

Makarantar ɗabi'a ta farko a wannan ƙasa ita ce gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma babbar gona tare tun safe zuwa wajen azahar. Yamma, da wasu ranaku, na ɗa ne ya je gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. A madadin aikin, uba yana ciyar da kowa daga rumbun gandu, yana biyan haraji, yana yi wa ɗa auren fari. Yaron da ya tashi a wannan tsari ba a zaunar da shi a koya masa tattali. Yana ganin cewa maigida ne kaɗai ke buɗe rumbu, cewa ana fitar da zakka dami ɗaya cikin goma kafin a zuba sauran, cewa ana ware iri tun a gona, cewa da rani ana kwasar takin gida a jaki a kai gona a jera tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Gayauna kuma ita ce inda yake gwada hannunsa, ya yi kuskure mai araha.

Gandu ya yi rauni ƙwarai. Gado yana tsinka gonaki, samari suna son kuɗinsu a hannu, babur da birni suna ja. Ba duk abin da ya tafi da shi abin kuka ba ne, domin akwai 'ya'yan da suka tsufa suna yi wa uba aiki ba su mallaki komai ba. Sai dai babu abin da ya maye gurbinsa wajen koya wa saurayi lissafin shekara guda cur, daga shuka zuwa shuka.

Sayar da arha, saye da tsada

Idan akwai ɗabi'a guda da ta fi kowace tasiri a rayuwar gidan manomi, to ita ce abin da yake yi da amfaninsa a makonnin farko bayan girbi. Da kaka farashi yana ƙasa, domin kowa ya kawo. A yawancin shekaru yana hawa daga bazara har tsakiyar damina. Wanda ya sayar a Nuwamba ya dawo saye a Yuli ya yi asara sau biyu a kan hatsin da shi ya noma.

Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta fitar da littafinta a 1972, kuma ta bayyana wannan da'ira filla-filla. Ta ga cewa a ƙauye ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, akwai tazara mai faɗi tsakanin gidaje, kuma akwai waɗanda talauci ya kai su ga kasa noma gonarsu. Rumbunsu yana ƙarewa da wuri, sai su shiga ƙwadago daidai lokacin da gonarsu ke buƙatar firi da maimai. Gonar da ba a nome a kan kari ba ba ta bayarwa, don haka kaka mai zuwa ta fi ta bara ƙaranci. Wasu har takin gidansu suke sayarwa. A ƙarshe gonar ta tafi jingina ko sayarwa. Masu hali kuwa suna sayen hatsi da kaka su adana, su sayar wa waɗannan maƙwabta da damina.

A cikin wannan da'ira ne falle yake. Falle bashi ne da ake karɓa da damina, na kuɗi ko na hatsi, a biya da amfani idan kaka ta yi, a kan ƙimar da kan fi abin da aka karɓa nesa. Wanda ya ci falle ya riga ya sayar da wani ɓangare na gonarsa tun tana kore. Idan aka haɗa da hidimomin da duk suke jiran kaka, wato aure, suna, kuɗin makaranta, gyaran ɗaki, rigar iyali, sai a ga cewa buhunan da suka shigo gida da yawa masu su na bakin ƙofa. Saboda haka kiran manomi da ya daina gaggawar sayarwa, ba tare da an tambayi wa ke binsa ba, magana ce ta wanda bai taɓa cin bashi ba.

Paul Clough ya yi bincikensa a Marmara, a ƙasar Malumfashi, daga 1977 zuwa 1979, ya riƙa dawowa har shekarun 1990, littafinsa ya fito a 2014. Shi ne ya fi kowa kusantar ƙasar da muke magana a kai, kuma abin da ya gani ya ɗan sassauta hoton Hill. Manyan manoma da 'yan kasuwar hatsi na Marmara suna tara dukiya, amma ba su iya tara ta su kaɗai. Hidima tana bin su: ƙarin aure da yawan 'ya'ya, ciyar da dangi, riƙe barori da yaran gida, ba aboki jari bisa amana, rancen da ba a matsa wa. A wajensa wannan hidima ba ɓarna ba ce da ke hana ci gaba, ita ce hanyar da arziki ke bi a wannan ƙasa, kuma ita ke hana ƙaramin manomi rabuwa da gonarsa gaba ɗaya. Mai karatu na iya yarda ko ya ƙi, amma duk wanda ya san yadda gudummawar biki ke zagayawa tsakanin mata, kowace tana riƙe da lissafin abin da aka kawo mata domin ta mayar da ƙari, ya san cewa a nan ajiya ba a rumbu kaɗai take ba. Akwai wadda ake yi a jikin mutane.

Adashe ma haka yake. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli ko fura daga cikin gida ta san cewa kuɗin da ke ɗaure a bakin zane ba ya kwana, don yaro zai yi zazzaɓi, baƙo zai zo, maigida zai ranta. Sai ta miƙa wa uwar adashe kullum ko duk mako, ta hana kanta taɓawa har ranar kwasa. Masana tattalin arziki sun daɗe suna rubutu a kan wannan dabara ta ɗaure hannun kai, wadda matan karkara suka riga su sani.

An gwada irinta a Kenya. Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun lura cewa manoman yammacin ƙasar suna cewa za su sa taki, amma lokacin shuka kuɗin ya ƙare. Sai aka riƙa zuwa musu daidai bayan girbi, kuɗi na hannu, a sayar musu da takardar taki a kai musu shi kyauta. Amfani da taki ya ƙaru sosai, har ya yi daidai da abin da rangwamen rabin kuɗi ke kawowa idan an bari sai damina. A wani gwajin a ƙasar, wanda aka buga a 2019, an ba manoman masara rance da kaka domin su biya buƙatunsu ba tare da sun taɓa buhunansu ba, sai suka riƙe suka sayar daga baya da riba. A duka biyun ba wa'azi aka yi wa kowa ba. Lokacin da kuɗi ke shigowa da fita aka gyara.

Akwai kuma binciken Indiya na 2013, inda aka gwada manoman rake 464 a Tamil Nadu kafin girbi da bayansa. Mutum ɗaya ya fi iya warware tambayoyin tunani bayan ya karɓi kuɗin rakensa fiye da lokacin da yake cikin matsi. Ma'ana, rashi da kansa yana cin hankali. Wanda ke lissafin tuwon dare ba shi da sararin lissafin baɗi.

Ajiyar ma tana da nata haɗari. Ƙwari suna cinye wake da masara cikin 'yan watanni, kuma ɗabi'ar zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin buhu ta jawo wa ƙasa asara: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan guba a cikinsa. Buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe sarai kuma ba a riƙa buɗe shi. Shanya masara a ƙasa tsirara kuwa tana jawo fumfunar da ke illa ga hanta. Sannan kasuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a Yulin 2024, farashin hatsi ya karye, kuma da yawa daga waɗanda suka adana amfanin kakar wannan shekara sun sayar a 2025 ƙasa da yadda suka saya, alhali taki bai sauko ba. Ɗabi'ar da ta yi shekaru tana biya, sanarwa guda daga Abuja ta mai da ita asara.

Yadda masara ta zama jiki

Matashin da ya tashi yanzu zai ɗauka cewa tun fil azal masara ce uwar amfanin Funtuwa. Ba haka ba ne. Kafin shekarun 1970 masara abar bayan gida ce, ana gasa ta ɗanya a rage yunwar marka, gonakin daji kuwa na dawa ne da gero da auduga da gyaɗa. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gwambe, su ne na farko irinsu a Najeriya. Shirin ya gina hanyoyin karkara da madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da kayan noma, ya baza malaman gona, ya kawo ingantaccen irin masara da takin zamani mai rangwame mai yawa. An soki shirin tun a lokacin cewa manyan manoma ya fi yi wa aiki, kuma sukar tana da hujja. Duk da haka, cikin shekaru kaɗan masara ta mamaye gonaki, tuwonta ya shiga kowane gida.

Darasin da ke ciki fuska biyu ne. Manomin da ake zargi da riƙon al'ada ya sauya amfanin gonarsa da abincinsa cikin ƙasa da ƙarni guda, da zarar ya ga riba kuma kayan sun zo kusa da shi. Amma sabon sabon ya zo da igiya: masara ba ta yi sai da kamfa da yuriya, kuma farashinsu yana bin canjin dala da kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, gida da yawa sun koma dawa da waken suya, waɗanda ba su cin taki kamar masara. Waɗanda ba su taɓa barin tara takin gida da kiwon 'yan awaki ba su suka fi samun sauƙi.

A Maraɗi an ga irin wannan sauyi ta hanyar da ba ta buƙatar kuɗi. Daga 1983, Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka riƙa jan hankalin manoma su daina sare duk tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, su zaɓi kaɗan su gyara su bar su su girma. Ana kiran abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Amma bai kankama ba sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikatan daji ba.

Jiki da lafiya

Malumfashi tana da suna a littattafan likitanci na duniya saboda shirin binciken cututtuka da Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka gudanar a can a shekarun 1970. Ɗaya daga ayyukansa shi ne zama a bakin madatsar Ruwan Sanyi ana ƙirga wa ke shiga ruwa, yaushe, don me. Sakamakon ya nuna cewa tsargiya tana bin wanka da iyo da wasa da kamun kifi, kuma yara maza da samari su ne suka fi ɗauka suka fi yaɗawa. Madatsar da aka gina don noma da shayar da dabbobi ta ƙirƙiri sabon wurin wasa, wurin wasan ya ƙirƙiri sabo, sabon ya riƙe cutar. Inda babu rijiya ko famfo kusa, hana yaro zuwa dam magana ce kawai.

Labarin wankan jego ya fi wannan koyarwa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan cutar da al'adar kwana arba'in: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Wannan bayani ya shiga littattafai ya zauna shekaru. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, a Kano da sauran sassan ƙasa, bai sami hujja mai ƙarfi da ke ɗora laifin a kan al'adar ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da rashin karatu da sana'a, da hawan jini na masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Wannan ba izini ba ne na ɗura wa mai jego kanwa, musamman mai hawan jini. Abin lura shi ne yadda aka yi saurin ganin al'ada, aka yi jinkirin ganin yunwa.

Lokacin da tsoro ya shiga tsakani

Duk abin da aka faɗa a sama yana tsaye ne a kan abu guda: mutum ya iya yin gobe abin da ya yi yau. Wannan shi ne abin da 'yan bindiga suka ƙwace a Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, kuma ya malalo har Bakori, Malumfashi da Kafur. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a 11 ga Disambar 2020 ya sa iyaye da dama sake tunanin makarantar kwana. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi da sayar da fetur a jarka. A Agustan 2025 aka kashe gomman mutane a Unguwar Mantau ta Malumfashi, a harin da ya fara da masallata suna sallar asuba.

A irin wannan yanayi lissafin tattali yana juyewa. Rumbu cike yana iya zama abin da za a ƙone ko a kwashe. Shanun huɗa, waɗanda su ne bankin manomi, sun zama abin da ke jawo hari. Wanda aka san yana da ajiya shi ake ɗauka don kuɗin fansa. Saboda haka manomin da ya sayar da komai da kaka, ya rage dabbobinsa, ya bar gonar nesa ya tsaya ga ta bakin gari, bai rasa tarbiyya ba, ya karanta halin da yake ciki ne daidai. Wanda ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Malumfashi kuwa ya rasa har abubuwan da ke tayar da ɗabi'unsa: babu gonar da zai fita da sassafe, babu 'yan adashen da suka san shi, babu maƙwabcin da zai ranta masa tiya. Yaran da suka yi shekara uku ko huɗu a haka sun tsallake shekarun da ake koyon noma da hannu.

Ɗabi'ar ɗan ƙasa

Siyasa ma tana da kakarta da daminarta, kuma ɗabi'ar da aka fi sabawa ita ce ta kaka: a fito shekara huɗu sau ɗaya, a karɓi taliya da atamfa da 'yan kuɗi, a sayar da arha. Ko fitowar ma ta ragu, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka jefa ƙuri'a a faɗin ƙasa. Ƙaramar hukumar Kafur ba baƙuwar mulki ba ce. Aminu Bello Masari, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007 ya kuma yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, ɗanta ne. Samun babban mutum daga gida bai taɓa ɗauke wa mazaɓa buƙatar masu bin diddigi ba.

Abubuwan da za a bi ɗin kuwa ƙanana ne, masu maimaituwa, kuma kowanne yana da watansa. Takin gwamnati da ya iso bayan masara ta yi bunƙasa bai amfani kowa ba sai ɗan kasuwar da zai saye shi, don haka watan tambayarsa Afrilu ne, ba Agusta ba. Rancen noma da ake karɓar biyansa daidai da kaka yana tura manomi kasuwa a ranar da farashi ya fi faɗuwa, wato yana yin aikin falle da hatimin hukuma. Shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 an gina shi ne a kan biya da amfanin gona bayan girbi. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ana wallafa abin da kowace ta samu duk wata. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kowace da kansilanta. Adadin da Kafur ke karɓa yana nan a rubuce ga duk mai waya.